Amsa: farar giyar alkama irin ta Beljiyam

Sannu ɗan'uwa. Kan tambayarka ko waccan giyar da ka sayo a ƙaramin kamfani ta lalace ne tunda ka ganta gurɓi-gurɓi, a'a lafiyarta ƙalau, haka ake yinta. Witbier suke ce mata, ba a tace ta, kusan rabin hatsin alkama ne da ba a tsirar ba sauran kuma tsiron sha'ir, shi yasa launinta ke fita fari-fari kamar an tsinka kunu da ruwa. Abin da ya kwanta a gindin kwalbar yis ne, in ka zuba ya rage kaɗan sai ka juya kwalbar a hankali ka ƙarasa zubawa, a nan rabin ɗanɗanon yake.

Ɗaci kam babu sosai, ɗan tsami-tsami zaka ji da ƙamshin ɓawon lemu da 'ya'yan koriyanda (wani kayan ƙamshi ne) da suke sakawa wajen dahuwa, kumfar kuma tana da kauri. Ni dai ban ga amfanin yanka lemu a jefa ciki ba, rufe ƙamshin kawai yake.

Irin wannan giyar ma ta taɓa ɓacewa a garin Hoegaarden na ƙasar Beljiyam a 1957, sai Pierre Celis, mai sayar da madara, ya dawo da ita a 1966.

Wanda ya tambaya a ƙasa ko lemo ce tunda an ce alkama, a'a fa, barasa ce, wajen kashi 5 cikin ɗari, in ba ka sha kar ma ka taɓa.