Tambaya da Amsa: In bari waya ta mutu da kanta, ko in kashe ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina saida atamfa da turaren wuta ta WhatsApp daga gida. Satin da ya wuce munka tai biki Bodinga, ina cikin ɗaukar bidiyon kamu, caji na kashi 18, sai waya ta ɗauke ɗif. Da na sa caji ta dawo, bidiyon ya ƙi buɗewa, wasu hotunan kaya da ke kan memori ma sun ɓace. Ƙanena ya ce batir sai an bar shi ya ƙare ƙarƙaf kana a cika shi. Maigidana kuma ya ce in riƙa kashe ta tun da saura. Wa ad da gaskiya?
'Yar kasuwa daga Mabera, Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah shi albarkaci kasuwa. Maigidanki ya fi gaskiya. Shi kuwa ƙanenki ba ƙarya ya yi ba, makara ya yi da shekara ashirin. Lokacin da GSM ta shigo Najeriya a 2001, wayoyi irin su Nokia 3310 batirin nikel gare su, kuma a kansa ne aka yi ta ba da wannan shawara ta a bari ya ƙare. Wayar da ke hannunki yau, Tecno ce ko Samsung ko iPhone, batirin litiyam ke cikinta, shi kuwa abin da ya fi ƙi shi ne yunwa. Kullum aka kai shi sifili, ana rage masa kwana.

Amma bari in fara da abin da ya same ki a Bodinga, don ba ƙarewar caji ba ne. Wayar da cajinta ya ƙare ta hanya, takan yi sallama: ta gargaɗe ki a kashi 15 ko 20, ta sake, sannan ta rufe abin da ke buɗe ta kwanta da kanta. Taki faɗuwa ta yi. Cikakken batir yana ba da ƙarfin wuta na volt 4.2 zuwa 4.4, kuma idan ƙarfin ya sauko kusa da 3 waya ba ta iya aiki. Lambar nan da kike gani a saman allo kintace ne kawai wayar ke yi. Tsohon batir zai nuna 18 yana zaune lafiya, amma da kyamara da fitila suka ja wuta lokaci guda, sai gwiwarsa ta sage, ƙarfin ya zube ƙasa nan take. Kamar jakin da ke tsaye garau har sai an aza masa mangala. Ba ƙananan wayoyi kaɗai ba: a 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage gudun tsofaffin iPhone don hana su irin wannan mutuwar farat ɗaya.

Bidiyon kuwa, ga dalili. Waya tana zuba hoto da sauti a fayil kamar ana ɗura gero a buhu, sai kin danna tsayawa sannan ta ɗinke bakin buhun, wato ta rubuta bayanin da zai sa a iya buɗe shi. Wutar ta ɗauke kafin ɗinki. Katin memori ma haka: idan aka yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu, jerin sunayen abin da ke cikinsa kan hargitse, hotuna su yi kamar sun ɓace alhali suna nan.

To ga yadda ni nake yi, kuma haka nake gaya wa masu zuwa shagona. Da ta kai kashi 20 ba wuta a kusa, ki kunna tsimin batir, ki rage hasken allo, ki kashe data. In kina ƙauye inda sabis ke rawa, ki sa ta a yanayin jirgi, don neman sabis yana shan caji kamar rairayi na shan ruwa. Da ta kai 10, ki tsayar da duk abin da take rubutawa, bidiyo ne ko saukar da fayil, ki jira saƙon da kika tura ya tafi, sannan ki danne maɓallin gefe ki zaɓi kashewa, ki bari allon ya yi duhu sarai. A sababbin Samsung da iPhone sai kin haɗa maɓallin gefe da na rage murya kafin zaɓin ya fito. Wannan ɗan saura da kika adana shi zai ba ki kiran maigida idan mota ta lalace muku a Dange.

Abu biyu kada ki soma su da ƙaramin caji. Transfa, domin in waya ta mutu kafin alat, za ki kwana ba ki san kuɗi sun fita ko ba su fita ba, kuma a nan ne mutane ke turawa sau biyu. Sai sabunta manhajar waya, wanda in ya yanke a tsakiya wani lokaci wayar ba ta sake tashi sai an kawo mana filashin.

In ta riga ki ta mutu, kada ki yi ta danna ta kina son ta tashi dole. Na sha ganin wannan, mutum ya kunna, ta nuna tambari, ta mutu, ya sake, har sau biyar, kowane tashi yana tatsar ɗan abin da ya rage. Ki sa ta caji, ki ba ta kwata ɗaya na awa. Kada kuma ki jefa ta cikin durowa wata da watanni babu caji, batir na tsiyaya ko waya a kashe take, in ya wuce wani mizani sai ya ƙi karɓar wuta. Mai ajiye waya ya bar ta da kamar rabin caji.

Sai zafinmu na Sakkwato. Apple ya ce wayoyinsa su yi aiki a ƙasa da digiri 35, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40 a inuwa. Waya a gaban mota da rana, ko a jibge da wasu talatin a shagon caji mai rufin kwano, nan batir ke tsufa da wuri.

Naki dai ya gaji, Hajiya. Wayar da ke mutuwa a kashi 18 sabon batir take nema. Ki duba bayanta, in ya kumbura ko allon ya ɗago, kada ki ƙara sa ta caji ko sau ɗaya. Memorin kuma ki cire shi yau, kada ki ɗauki sabon hoto a kansa, ki kai wa mai gyara ya duba da kwamfuta, sau da yawa hotunan kan dawo. Bidiyon ma akan dace in an samu wani lafiyayye da wayar ta ɗauka a gwada da shi, amma ban yi miki alkawari ba. Kafin nan ki tambayi ƙawayen amarya, na tabbata ba ke kaɗai kika ɗaga waya a wurin kamun nan ba.