Amsa: Kaka ta daina cin abinci, ta fara rikicewa

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kin ce ta haura 90, kwana biyun nan ba ta cin abinci, tana kiran mutanen da suka rasu, 'yan gida kuma sun ce tsufa ne kawai. Ni dai ban yarda a zuba ido ba. Ruɗewar tsufa a hankali take zuwa, wata da watanni, amma in farat ɗaya tsoho ya rikice to galibi akwai ciwo a ɓoye, ciwon mafitsara ko nimoniya ko ƙarancin ruwa a jiki, kuma sau da yawa ko zazzaɓi ba za ki ji a jikinta ba. Ku kai ta JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, can Lamingo, a gwada fitsari da suga da hawan jini, ku zuba duk magungunan da take sha a leda ku tafi da su, har na gargajiyan.

Ruwa fa sai an bi ta da shi, tsofaffi ba su cika jin ƙishi ba balle a sanyin Jos ɗin nan. Kunun gyaɗa, gwaten acca mai ruwa-ruwa, kaɗan-kaɗan, a zaune don kar ta ƙware. In kwanciya ta yi yawa a riƙa juya ta duk awa 2, a duba ƙugu da diddige saboda gyambo.

Sannan don Allah kar a bar mata kaskon gawayi a ɗaki a rufe da dare, yana kisa, gara safa da bargo biyu.