Tambayi Malam: Mainos sau mainos, ruwan randa da shekarun jihadi

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonni sun taru sosai wannan watan tunda jarabawa ta matso. Masu ɗauko hoton asayinmen gaba ɗaya su turo min su ce "Malam a yi min kafin gobe", ku yi haƙuri, ba na yi. Faɗa min inda ka maƙale sai mu warware tare.

Tambaya: Malam ina wuni. Ɗana yana JSS2, jiya ya tsare ni wai me ya sa mainos sau mainos ke ba da fulos, na ce masa haka dokar take, ya ce shi bai yarda ba. Ni ma haka aka koya min na haddace kawai. Me zan ce masa? (Wata uwa daga Funtuwa)

Amsa: Hajiya lafiya lau, kuma don Allah kar ki yi masa faɗa, yaron da ya ce bai yarda ba shi ne zai iya lissafi nan gaba. Ki zaunar da shi ki ɗauko masa maganar bashi, ai duk yaron da ake aika kanti ya san bashi. Mainos bashi ne. A ce mutum 3 kowa yana bin ki naira 500, to 3 × (−500) = −1500, wato bashin 1,500 ne a kanki, wannan ba wanda zai yi musu. To ranar sallah sai su ukun suka zo suka ce sun yafe. An cire miki bashi sau uku kenan, ba wanda ya miƙo miki ko sisi amma dukiyarki ta ƙaru da 1,500, shi ne (−3) × (−500) = +1500.

In ya ce har yanzu da saura, ki ba shi biro ya rubuta da hannunsa: 3 × (−2) = −6, sai 2 × (−2) = −4, sai 1 × (−2) = −2, sai 0 × (−2) = 0. Ki tambaye shi me yake gani a amsoshin. Zai ce kowane layi ana ƙara 2. To layi na gaba (−1) × (−2) me zai zama in ba +2 ba? Ki yi shiru ki bar shi ya faɗa da bakinsa.

Kuma abin ba nan ya tsaya ba fa, don in ya shiga SS1 aka ce ya buɗe (x − 2)(x − 3), wancan +6 da ke ƙarshen x² − 5x + 6 daga nan ya fito, kuma wallahi yara da yawa sun san fomula tsaf amma a wannan 'yar alamar suke zubar da maki, su yi aiki shafi guda lafiya ƙalau sai mainos ɗaya ya rusa komai.

Tambaya: Malam malamar fizis ta ce mu yi bayanin dalilin da ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi alhali ɗaki ɗaya suke. Na rubuta cewa ƙasa tana da sanyi ta ba ni sifili. (Ɗalibar SS2 daga Gusau)

Amsa: 'Yata sifilin nan dai kin ci shi da haƙƙinsa, amma zo mu gyara. Je ki shafa bayan randar gidanku yanzu, za ki ji damshi. Yumɓu yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta nan kaɗan-kaɗan, in ya fito sai ya bi iska ya zama tururi. To ruwa ba ya zama tururi a banza, sai ya samu zafi, kuma zafin da yake buƙata ba kaɗan ba ne, duba littafinki za ki ga an rubuta wajen kilojul 2,260 kan kowane kilo ɗaya na ruwa. Ina zai samo wannan zafin? Daga jikin randar da ruwan da ya rage a ciki. Shi ya sa na cikin ke yin sanyi. Roba kuwa ba ta da ƙofa, ba abin da ke fita, ruwan yana nan yadda zafin ɗakin yake.

Yanzu ni zan tambaye ki. Me ya sa randa ta fi sanyaya ruwa lokacin hunturu da bazara, amma da damina a watan Agusta sai ki ji ruwan salam? Saboda iskar damina ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta da wurin karɓar wani tururin, ta rani kuwa busasshiya ce tana zuƙe shi da sauri. In kika saka wannan a amsarki, kika ƙara da cewa kaɗawar iska da faɗin jikin tukunya suna ƙara saurin abin, malamar ba ta da inda za ta rage miki. Gumi ma aikin da yake yi a jikinki kenan.

Kar ki raina tambayar nan. Wani malami a Jigawa, Muhammad Bah Abba, da wannan ilimin ya yaɗa dabarar saka ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, tumatir da alayyafo su yi kwanaki ba su lalace ba kuma ba wutar lantarki, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Tambaya: Malam ni matsalata tarihi, shekaru ba sa zama min a kai, ina haddacewa da dare da safe sun gudu. Musamman jihadin Shehu. (Ɗalibi daga Birnin Kebbi)

Amsa: Ɗana kana haddace su a warwatse ne shi ya sa. Riƙe guda biyu kawai tukuna, 1804 da 1903, farkon daula da zuwan Turawa, shekara 99 tsakani. Sauran ka jera su a matsayin labari. Rikici da Yunfa Sarkin Gobir ya sa Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804, a watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto jama'ar Shehu suka yi nasara, Alkalawa babban birnin Gobir ta faɗi a 1808, Shehu ya rasu 1817, Muhammadu Bello ya karɓa har 1837. Can ɗaya ƙarshen kuma Kano ta faɗa hannun sojojin Lugga a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. Ka zana layi a bayan littafinka ka ɗora su a kai.

Amma gaskiyar magana mai duba takarda ya fi son dalilai a kan shekaru. In aka ce kawo musabbabin jihadi, harajin da ya yi wa talaka yawa, jangali a kan makiyaya, takunkumin da Nafata, Sarkin Gobir kafin Yunfa, ya sa wa wa'azi da rawani, gauraya addini da al'adun gargajiya, su ne ke kawo maki, kowanne ka ba shi sakin layinsa.

Tambaya: Malam an ce mu fito da jigon littafin Shaihu Umar, na cika shafi uku aka ba ni 2 cikin 10. Anya malamin nan ba ya da wata a ƙasa da ni? (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Babu komai tsakaninku ɗana, na tabbata labarin ka sake ba shi daga farko har ƙarshe, shi kuwa ya riga ya karanta. Jigo shi ne saƙon da marubuci ke son isarwa, jimla ɗaya ko biyu ta ishe shi. A wannan littafin na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933 a nan garinku Zariya, sai ka ce babban jigonsa bauta da cinikin bayi da yadda suke raba ɗa da uwa. Daga nan sai warwarar jigo, ka kawo hujja daga cikin littafin: yadda aka sace Umar yana yaro, yadda aka ƙetara hamada da shi, yadda uwarsa ta bi sawunsa ita ma aka bautar da ita. Kowace hujja ka ce ga yadda take nuna jigon. Sannan ka taɓa ƙananan jigogi irin su haƙuri da neman ilimi. Shafi ɗaya ma ya isa. Kuma ka kula, in tambaya ta ce salo to maganar yadda aka sarrafa harshe ake, karin magana, kamantawa, wa ke ba da labarin, kar ka je ka sake zuba musu jigo.

Tambaya: Malam lokaci ne ba ya isata a gwajin JAMB da muke yi a wurin lesin. (Ɗaliba daga Bauchi)

Amsa: Yi lissafin da kanki 'yata, tambaya 180 a awa 2, daƙiƙa 40 kenan kowace tambaya. Fara da darasin da kika fi ƙarfi, duk tambayar da ta riƙe ki ki tsallake ki dawo mata daga baya, kuma kar ki fito kin bar ko ɗaya ba amsa. In kina bitar tambayoyin shekarun baya a gida ki ajiye agogo a gabanki, wayar kuma ki ba Mama ta riƙe miki sai kin gama.