Kar ki sa kalmar sirri ɗaya a ko'ina

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce asusunki sun kai goma, kullum sai kin manta kalmar sirrin wani, shi ne kike tambaya ko ki sa guda ɗaya a dukkansu ki huta. Don Allah kar ki yi haka. Shekara tara ke nan ina gyaran waya a Farm Centre nan Kano, kuma na ga hawayen da wannan dabarar ta jawo. Ranar da aka sace bayanan shafi ɗaya, ɓarayin za su ɗauki imel ɗinki da kalmar nan su bi sauran ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, duk su buɗe.

Abin da nake gaya wa kowa shi ne, ba a haddace su duka. Uku kawai za ki riƙe a ka: ta Gmail, ta buɗe waya, sai lambar banki. A cikinsu ma Gmail ce uwa, don duk shafin da kika manta kalmarsa, can zai aiko miki hanyar sabuntawa. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa shagona da sabuwar waya a kwali, an zare mata tsohuwar a adaidaita. Na ce ta sa imel ɗinta, ta ce ai wani yaro ne ya buɗe mata a kafe shekarun baya, ba ta taɓa sanin abin da ya rubuta ba. Lambar wayar da ya sa ma tasa ce. Hotunan mahaifiyarta da ta rasu suna ciki. Mun yi awa biyu muna gwadawa, haka ta tashi tana share ido da gefen mayafi. Har yau abin yana min ciwo. In wani ne ya buɗe miki naki, ki canza kalmar yau, ki sa lambarki.

Yadda ake ƙirƙirar mai ƙarfi kuwa, ki haɗa kalmomi huɗu ko biyar da babu abin da ya haɗa su, ki ƙara lamba. Misali tukunya, jirgi, barkono, damina, 47. Ki zana hoton a ranki, tukunya a cikin jirgi cike da barkono, ba za ki manta ba. Tsawo ya fi tarkacen alamomi amfani. Ki guji sunan yara, shekarar haihuwa, lambar waya, 123456, har da karin magana, tunda kowa ya san ƙarshenta.

Sauran kuma ki bar wa ma'ajiyar kalmomin sirri ta Google da ke cikin Chrome, ita za ta ƙirƙiro ta kuma adana. Akwai Bitwarden, ita ma kyauta. Wasu za su ce rubutawa a takarda kuskure ne. Ni ban yarda ba. Ƙaramin littafi a ƙasan akwatin kayanki ya fi kalma ɗaya a shafi goma aminci nesa ba kusa ba, don mai kutse daga wata ƙasa ba zai shigo ɗakinki ba. Wanda ba na so shi ne rubuta su a fili a cikin wayar, ba a ma'ajiyar ba, ko a bayan kondon ta kusa da katin ATM, kuma ina gani kusan kullum idan na cire kondo.

Ki kunna tantancewa mai mataki biyu, wato sai an ƙara wata shaida ta biyu kafin a shiga asusunki. A WhatsApp lamba shida za ki zaɓa. A Google kuma akwai lambobin ko-ta-kwana guda goma, ki kwafe su a littafin nan saboda ranar da waya ta ɓata. Duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lambar da ta shigo miki, ko da sunan taron ƙungiya ne ko tallafi, ki kashe wayar.

Sai layi, wanda mutane ke mantawa da shi. Ɓarawo na iya cire shi ya sa a wata waya, ya danna *565*0# ya ga BVN ɗinki, saƙonnin banki kuma su riƙa zuwar masa. Ki sa wa layin kansa lambar sirri. Amma ki fara nemo katin da layin ya zo a jiki, don in kika kuskure sau uku zai kulle, sai da lambar PUK da ke bayan katin zai buɗe.