Na rubuta shekarar da jirgin sama ya fara sauka a Kano, an goge. Ina zan samo hujja?

Tambaya: Malam, ina cikin masu rubutu a Wikipedia ta Hausa. Na rubuta cewa jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1922, na kafa hujja da shafukan intanet har uku, na haɗa da labarin da marigayi kakana ya sha ba mu. Ba a yi kwana biyu ba wani ya goge, wai madogarar ba ta zauna ba. Shafi uku ba su isa ba?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kakanka. Amma wanda ya goge ɗin yana da gaskiya, kuma na san ba daɗin ji.

Koma ka buɗe shafukan nan uku, ka jera su, ka karanta jimlar da ke ɗauke da shekarar. Sau da yawa za ka tarar kalmominsu iri ɗaya ne sak, har da kuskuren rubutu. Ka ga ashe shaida ɗaya ne ya sauya riga sau uku. Wani lokaci ma daga Wikipedia ɗin suka kwafa, sai kai kuma ka ɗauko ka mayar mata a matsayin hujja. An yi ba a yi ba ke nan.

Abin da ke da takardu a bayansa shi ne tafiyar 1925. Jirage uku ƙirar DH.9A na rundunar sojan saman Birtaniya suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira, a ƙarshen Oktoba, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Suka ratso Sudan da Chadi, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. Shekarar 1936 da ake yawan ambata kuma wani zance ne dabam: a lokacin ne kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartoum da Kano, daga baya a shekarar ya miƙa har Legas. Saukar farko dabam, fara jigila dabam. Rabin gardamar da ake yi a kan wannan batu daga cakuɗa su take tasowa.

Kalmar "farko" kuwa, riƙe ta da hannu biyu. Akwai masu cewa jiragen 1925 sun fara yada zango a Maiduguri kafin su ƙaraso Kano. Saboda haka rubuta abin da ka tabbatar, wato sun sauka Kano rana kaza. In za ka ce ita ce saukar farko a Najeriya, faɗi wanda ya ce haka.

Ina za ka nema? Mujallar Flight ta Ingila tana fitowa tun 1909, kuma tana bin irin waɗannan tafiye-tafiye a lokacin da ake yin su. Takardun rundunar suna gidan adana tarihi na Kew a Landan, na gwamnatin Arewa kuma a Kaduna. Sai ka lura da shekarun majiyar kanta. Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ta fara fitowa, don haka duk wanda ya ce maka a cikinta aka buga labarin 1925 da ɗumi-ɗuminsa, ka san inda za ka ajiye maganarsa.

In rubutunka ya kai ka ga haɗurra, kama jirgin ta lambar rajistarsa, wadda ke rubuce a jikinsa. Suna da fenti suna ruɗi. Ɗauki haɗarin 22 ga Janairu 1973 a Kano, inda mutum 176 cikin 202 suka rasu, galibinsu alhazai masu dawowa daga Jidda. Har gobe za ka ji ana cewa jirgin Nigeria Airways ne. To, shata suka yi. Boeing 707 ne mai lamba JY-ADO, kuma JY ta Jodan ce. Jirgin kamfanin Alia na ƙasar Jodan ne. Da na Najeriya ne da lambarsa ta fara da 5N. Legas ma ya nufa, rashin kyawun yanayi ya sa aka karkato shi Kano. Haka wanda ya faɗi a Jidda ranar 11 ga Yuli 1991 da mutum 261 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato: da sunan Nigeria Airways ya tashi, amma DC-8 ne na kamfanin Nationair na Kanada. Mai jirgi, mai shata, da lambar tafiya, kowanne ka ba shi gurbinsa.

Adadin mamata shi ne inda na fi ganin masu rubutu suna zamewa. Jirgin kamfanin EAS da ya faɗa unguwar Gwammaja ranar 4 ga Mayu 2002, rahotannin farko sun kai adadin kusan 150, alƙaluman da suka biyo bayan bincike suka tsaya a 103. Ɗan jarida yana rubutu ne hayaƙi bai lafa ba, masu bincike kuwa sukan ɗauki watanni ko shekaru. Rahoton ƙarshe na hukumar binciken haɗurra shi ke gaba. In alƙaluma sun saɓa, kawo duka biyun, kowanne da mai shi. Shafin Aviation Safety Network, mai tattara bayanan haɗurran jiragen sama, yana da amfani wajen samo lambar jirgi da rana, sai dai yana da wani sashe da kowa ke iya rubutu a ciki, duba ka ga a wanne kake.

Labarin kakanka kuma ba a ƙaryata shi ba. Ƙa'idar Wikipedia ce ba ta karɓar abin da ba a riga an wallafa a wani wuri mai tantancewa ba, ko da gaskiya ne. Rubuta shi yadda ka ji shi, da sunan wurin da ya ce jirgin ya sauka da shekarunsa a lokacin, ka kai wa masu nazarin tarihi a jami'a ko Gidan Arewa a Kaduna. In aka buga shi, ya zama abin kafa hujja. Kafin nan, je shafin tattaunawa na maƙalar, ka gaya wa wanda ya goge cewa za ka mayar da jimlar da 1925, ka nuna masa madogararka.