Doguwar tafiya a jirgi: wane tikiti ne yake kawo makin matsayi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Sabon aikina zai riƙa kai ni Landan daga Sidni sau biyu a shekara, kuma na yi rajista da tsarin Qantas na masu yawan tafiya. Yanzu tikiti biyu ne a gabana: na Emirates ta Dubai, wanda ya fi araha, da na Qantas ta Singafo. Tunda tafiyar kusan kwana guda ce a sama ko ta ina na bi, ashe ba duk ɗaya ba ne wajen tara makin da zai kai ni matakin Gold?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ɗaya ba ne, kuma gara da ka tambaya kafin ka biya.

Maki iri biyu ake ba fasinja, mutane da yawa kuma suna haɗa su wuri guda. Akwai makin kashewa, wanda kake tarawa ka musanya da tikiti ko kujera mai kyau. Akwai kuma makin matsayi, wanda Qantas ke kira Status Credits. Shi ba a sayen komai da shi. Aikinsa kawai ya nuna wa kamfani girman cinikin da kake yi da shi a cikin shekara, daga nan a ɗora ka a mataki, wato Silver ko Gold ko Platinum. Idan shekarar ta ƙare, lissafi ya koma farko. Ka lura kuma, a Qantas shekarar ba daga Janairu take farawa ba, tana bin watan da ka yi rajista ne.

Yanzu ga tikitocinka. Qantas da Emirates sun ƙulla ƙawance tun 2013, amma Emirates ba ta cikin oneworld, ƙungiyar ƙawancen kamfanonin jiragen sama da Qantas take ciki. Idan ka sayi tikitin da lambar jirginsa ta fara da EK, za ka iya samun makin kashewa, amma makin matsayi na Qantas ba zai shigo ba. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, wannan jirgin dai, wannan kujerar dai, Qantas ma tana sayar da ita da lambar da ta fara da QF. Mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa daga Sidni har Dubai, su ci abinci iri ɗaya, ɗaya ya sauka da makin matsayi, ɗaya hannu rabbana. Bambancinsu haruffa biyu ne a jikin tikiti. Saboda haka idan hanyar Dubai ta fi maka, nemi wannan jirgin a shafin Qantas ka ga nawa ne bambancin kuɗin.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi komai tasiri, shi ne harafin ajin tikiti. Buɗe takardar tikitin da ake turo maka ta imel, duba kusa da lambar jirgi, za ka ga harafi ɗaya tilo. Y yawanci cikakken kuɗin ikonomi ne, J cikakken kuɗin bizines, F kuwa ajin farko. Haruffa irin su O da Q da N galibi na rangwame ne. Duk masu zama a ikonomi kujerarsu ɗaya, amma wanda ya sayi tikitin da ake iya canja wa rana yana iya samun kusan ninki biyu na makin mai tikitin rangwame, na bizines kuma ya ninka shi sau uku ko huɗu. A jiragen kamfanonin ƙawance ma, akwai haruffan da ba sa kawo komai. Nisa yana cikin lissafi, ba a ce ba ya ciki ba, sai dai kamfani bai damu da awa nawa ƙafarka ta yi tana sagewa ba. Abin da ka biya yake kallo.

Wasu kamfanonin ma sun daina ɓoye-ɓoye. Tun Afrilun 2025 British Airways ta koma lissafi da kuɗi kai tsaye, maki ɗaya a kan kowane fam ɗaya, Silver a 7,500, Gold a 20,000. Delta a Amurka ma dalar da ka kashe take ƙirgawa.

To Gold fa? Ma'aunin da aka daɗe ana sani a Qantas shi ne 300 don Silver, 700 don Gold, 1,400 don Platinum, tare da sharaɗin hawa jirgin Qantas ko Jetstar, kamfaninta mai araha, aƙalla sau huɗu a shekarar. Kamfanoni suna taɓa waɗannan dokoki lokaci zuwa lokaci, don haka leƙa shafinsu, akwai wurin da za ka saka garin tashi da na sauka da ajin tikiti ya fito maka da makin. Amma bari in gaya maka gaskiya tun yanzu: zuwa da dawowa sau biyu a tikitin ikonomi mafi araha ba zai kai ka Gold ba. Silver ma sai ka haɗa da 'yan tafiye-tafiyen cikin gida. Idan wurin aikinka ne ke biya, kuma dokarsu ta yarda da ajin da ke tsakanin ikonomi da bizines a doguwar tafiya, nan ne lissafin yake canjawa.

Akwai dabarar yada zango. A tsare-tsare da yawa kowane tashi da sauka ana ba shi makinsa daban, shi ya sa tafiya mai zango biyu takan fi ta kai tsaye kawo maki. Amma tana da sharaɗi: sai lambar jirgi ta canja. Jirgin Qantas mai lamba QF1 yana tsayawa a Singafo kafin ya wuce Landan, amma tunda lamba ɗaya ce daga farko har ƙarshe, tafiya ɗaya ake ɗaukarta. Ni dai ba na ba mutum shawara ya ƙara wa kansa awa shida a filin jirgi saboda maki kaɗan, sai in ya rage masa ƙiris ya tsallaka mataki kuma shekararsa ta kusa ƙarewa.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su suke cin mutane. Mai tafiya ake ba maki, ba mai biya ba, don haka tikitin da ofis ya saya naka ne. Sunan da ke kan tikiti ya zo daidai da na rajista. Tikitin da aka karɓa da makin kashewa yawanci ba ya kawo makin matsayi. Ajiye katin shiga jirgi har sai ka ga makin ya shigo, domin da shi za ka nema idan ya maƙale. Qantas takan yi garaɓasar ninka makin matsayi, kuma ƙa'idarta sai ka yi rajistar garaɓasar sannan ka sayi tikiti a cikin kwanakin da aka ware. Kada kuma ka rarraba tafiyarka a tsari uku. A Cathay Pacific ko Qatar Airways ko British Airways, duk lambar Qantas ɗinka za ka bayar, tunda duk 'yan oneworld ne.

Abin da Gold zai ba ka shi ne matsayin Sapphire a oneworld: shiga falon hutawa ko da tikitin ikonomi ne a hannunka, ƙarin kaya, da shiga jirgi da wuri. Ga mai tashi kowane mako wannan babban sauƙi ne. Ga mai tafiya biyu a shekara, ƙirga sau nawa za ka zauna a falon nan, ka gwada da ƙarin kuɗin da za ka zuba kafin ka kai 700. Idan bambancin tikitin QF da na EK kaɗan ne, ɗauki na QF ka nufi Silver a bana. Idan kuwa mai yawa ne kuma daga aljihunka zai fita, ɗauki mai arahar, ka biya kuɗin kujerar bakin ƙofa inda za ka miƙe ƙafa.