Me ya sa tabar lofe ke canza ɗanɗano idan ta daɗe a ajiye?

Tambaya: Malam, kawuna a Argungu yana shan lofe. An kawo masa tsarabar taba gwangwani biyu iri ɗaya. Na farko ya ce tana cizon harshe. Na biyun ya manta da shi har shekara 3, da ya buɗe sai ya ji ta yi laushi da zaƙi. Amma tabar gida da ya ƙulle a leda ta bushe kamar ƙaiƙayi. Mene ne dalili?

Amsa: Ɗan'uwa, a gaishe mana da kawu. Ina kyautata zaton yawancin abin da ke cikin gwangwanin nan wani nau'in ganyen taba ne da ake kira Bajiniya. Shi ana busar da shi da zafin wuta a rufaffen ɗaki, ba tare da hayaƙi ya taɓa shi ba, don haka sukarin ganyen yana nan. Sukarin ne ke sa sabuwar taba ta ƙona harshe, shi ne kuma ke sa ta gyaru in ta kwana biyu. A gwangwanin da iska ba ta shiga, ga ɗan danshi, ganyen yakan ci gaba da nuna a hankali, launinsa ya yi duhu, kaifin ya kwanta, ƙamshin ganyayen da aka haɗa ya ratsa juna. Kamar daddawa ce, sai ta kwana take zama daddawa.

Sai dai ba kowane ganye ke amfana da ajiya ba, shi ya sa haɗi ke da muhimmanci. Burley, wanda ake shanyawa a inuwa, sukarinsa kaɗan ne, ko ya shekara ba ya canzawa sosai. Masu haɗi suna sa shi ne don ya rage cizon Bajiniya. Latakiya, mai sunan wani gari a Siriya, turara ta ake yi da hayaƙin itatuwa, kuma ƙamshin hayaƙin raguwa yake yi da shekaru. Akwai Perique ta jihar Luwiziyana a Amurka, wadda ake dannewa cikin gangar katako kimanin shekara guda. Ita ƙarfinta ya yi yawa, kaɗan ake sawa kamar yaji a miya.

Kada kawu ya ɗauka laushin nan ya rage illa. Nikotin da hayaƙin na nan, kuma lofe na jawo ciwon dajin baki da maƙogwaro.

Tabar gida kuwa, leda da hunturu suka kashe ta. Iskar Disamba a Kebbi takan tsotse danshin ganye cikin kwanaki, busasshen ganye kuma ba ya nuna. Da a kwalba mai murfin da ke kamawa sosai aka sa ta, can cikin ɗaki inda rana ba ta kaiwa, da ba ta zama gari ba. Da damina kuma a riƙa dubawa, in an ga funfuna a zubar da ita.